Wa Ya Nuna Musu Jirgin Jorien

Leendert Wisse ya daki teburin ofishin kamfanin jiragen ruwa a Rotterdam har shayin akawu ya kife. Ya rantse ba zai fita ba sai an gaya masa wanda ya sayar da 'yarsa.

Shekara talatin da ɗaya ya yi yana shigo da manyan jirage ta kogin Schelde, saboda haka ba mai raina masa hankali a kan sha'anin teku. Jirgin dakon man da 'yarsa Jorien take mataimakiyar kyaftin a cikinsa ya kashe na'urar da ke nuna inda yake tun kwana biyu kafin ya shiga tekun Gini. Ya kuma sauya hanya. Duk da haka 'yan fashi suka tare shi da rana tsaka, a kwale-kwale biyu, daidai lokacin da injinsa ke ciwo yana tafiyar hawainiya, a tafiyar da kamfani bai ɗauki masu gadi ba. Harsashi ɗaya ya sami Jorien a matakala, nan take ta cika.

"Wannan ba sa'a ba ce," in ji Leendert. "Da ɗan gari akan ci gari. A cikinku yake."

Akawun ya yi ta rantsuwa, idonsa ya kawo ruwa. Masu gadin ƙofa suka raka tsohon waje a hankali.

Ya koma garinsu Vlissingen, gidan da ba kowa. Matarsa ta riga mu gidan gaskiya shekara shida da suka wuce. Tun daga nan Jorien ce take kiransa duk Lahadi, ko daga wane teku, ya yi ta yi mata tambayar inji, da lodi, da hanya, har ta gaji. Takan yi dariya ta ce, "Baba, kai ka yi ritaya, amma kunnenka da bakinka suna nan bakin aiki."

Bayan jana'iza maƙwabta suka kawo miya kwana uku, suka ɗauke ƙafa. Mutum ɗaya ne bai gaji da shi ba, Asger, tsohon injiniyan jirgi daga Esbjerg. A dandalin masu sha'awar jirage na intanet suka haɗu shekara biyu baya. Shi ma ya ce teku ya cinye masa ɗa. Sau biyu suka shirya haɗuwa, ciwon ƙafa ya hana Asger tasowa, amma kullum da safe sai sun yi musayar saƙo. Tun tana da rai, shi kaɗai ne ba ya ƙosawa da labarin Jorien da jirginta. Yakan ce uban da ya haifi irin wannan 'ya ya ci ya yi alfahari.

Wata huɗu Leendert yana rubuta ƙorafi, yana buga waya. Ya rame har rigar sanyinsa ta yi masa yawa. Ya daina zama a bakin ruwa kallon jirage.

Ran nan wata 'yar sanda ta kira shi ofishinsu a Middelburg. Ta ce an kama wani mutum a wani gidan haya a Antwerp. Mutumin bai taɓa hawa jirgi ba. Aikinsa kawai tattara labari: wane jirgi, wace hanya, akwai masu bindiga ko babu, sai ya tura wa mutanen kwale-kwale.

A kan teburinta akwai wayoyi bakwai, kowace a cikin leda da lamba, duk a kunne.

"Akawun nan ne ya ba shi, ko?" Leendert ya tambaya.

"Babu hannun kowa a kamfanin, Malam Wisse." Ta daɗe tana kallonsa, kamar mai neman ta inda za ta fara. Sai ta ce bari ta kawo masa ruwa tukuna.

Da ta fita, ya share ido da bayan hannu. Albishir irin wannan ba a ajiye shi a ciki. Ya ciro wayarsa, ya rubuta wa Asger: "Ɗan'uwa, an kama shi."

Waya ta huɗu ta yi ƙara a cikin ledarta, fuskarta ta haska da saƙonsa, a ƙarƙashin sunan da mai ita ya ajiye shi da shi: Baban mataimakiyar kyaftin.