Filin da Aka Auna da Taku

Kai da kake kukan wahalarka ba ta nuna komai, gyara zama ka ji.

An yi wani tela a wani gari, ɗan tseren mita ɗari takwas, wato zagaye biyu na fili. Burinsa ɗaya ne, a ɗauke shi cikin 'yan wasan jiha, kuma ba a ɗaukar kowa sai wanda ya gama ƙasa da minti biyu. A filin firamare yake atisaye. Wani tsohon malamin motsa jiki ne ya auna filin da ƙafa, taku ɗari huɗu, ya zuba toka a layi ya ce mita ɗari huɗu ke nan. Malamin nan dogo ne kamar giginya, amma wa zai ja da malam? Kullum bayan sallar asuba tela yana can. Ya zagaya da ƙarfi, ya ɗan huta, ya sake, har sau goma, ran Asabar kuma ya hau tudun bayan gari. Shekara uku agogo bai taɓa yi masa kara ba: minti biyu da sakan goma, in ya matsa tara. Abokan shago har sun laƙaba masa Hawainiya. Abin ya ci masa rai, ya yi wa matarsa alkawari in bana bai samu ba zai rataye takalman ya rungumi kekensa na ɗinki.

Ranar tantancewa ya je babban filin wasa na birni, ya riga ya sallama cewa bankwana ya zo yi. Aka busa usur, ya kwasa yadda ya saba, yana jiran wurin nan da ƙirji ke ɗaukar wuta ƙafa ta yi nauyi. Kafin wurin ya zo, sai ga shi ya tsallake layin ƙarshe. Mai riƙe da agogo ya dube shi ya ce, "Minti ɗaya da hamsin da bakwai. Bawan Allah, ina ka ɓuya duk shekarun nan?" Tela ya zauna daɓas a ƙasa, dariya da hawaye suka haɗe masa, ya ji kamar an sauke masa buhun gero daga ka.

Da ya koma gida ya ɗauko tef ɗinsa na awo, ya bi layin tokar nan a durƙushe, yini guda. Ashe kowane zagaye ya haura da mita arba'in. Bai ji haushin malam ba, kaftani ma ya ɗinka masa, kuma ya ci yadi ba kaɗan ba. Shekara uku yana gudun da ya fi na kowa tsawo bai sani ba, ko taku ɗaya kuwa bai tafi a banza ba. Shi ya sa Hausawa suka ce, kowa ya ci zomo ya ci gudu.