Direban da Ya Kawo Ta Kallo

Ana tashi daga sinima na tare ƙofa da makirufo, ina jin ra'ayin 'yan kallo. Fim ɗin na barkwanci ne: budurwa ta zaci mai gyaran famfo likita ne, har ta kamu da sonsa.

"Cikina har ciwo yake don dariya!" in ji wani ɗalibi.

Wata tsohuwa ce ta fito ƙarshe, wani dattijo na riƙe da jakarta.

"Mama, ya kika ga fim?"

"Ya yi daɗi, 'yata. Da maigidana ya zo, da ya fi kowa dariya." Ta nuna dattijon. "Wannan direban ne ya kawo ni. Mutumin kirki ne."

Ta yi gaba. Na juya gare shi. "Baba, kai fa?"

Ya share ido. "Ban kalla ba, ita nake kallo. Shekararmu arba'in da aure. Tun da ciwon mantuwa ya kama ta, sai yau na ji dariyarta."

Ta waiwayo. "Direba, yi sauri mana, kada maigidana ya dawo bai same ni ba!"

"To, ranki ya daɗe," ya ce, ya bi bayanta.