Wa Ke Ciyar da Madu?

Ana cikin tura gadon Madu zuwa ɗakin tiyata ya kelaya amai, fari fat, har kan takalmin mai turawa. Likitan da ke sa barci ya duba, ya tuɓe safar hannunsa, ya ce a mayar da shi. Karo na biyu ke nan ana fasa aikin.

Madu masunci ne daga Dagona. Ƙaba ce ta kumbura masa har ya kasa jan taru, daga Gashua aka turo shi asibiti a Nguru. Matarsa Meram ke jinyarsa, mace mai kaifin ido, bakinta kuwa ya fi idon kaifi.

Sista Sadiya, mai kula da ɗakin maza, ta zaunar da ita ta yi mata bayani dalla-dalla. Duk wanda za a sa wa maganin barci, dole cikinsa ya zama wayam. In da abinci, yana iya tasowa ya gangara huhu mutum bai sani ba, kuma ana mutuwa a haka. Ga shi hanjin Madu ya soma maƙalewa, ba zai jira wani mako ba.

"Iya, ki gaya mini tsakani da Allah. Kunu? Shayi? Fura?"

"Wallahi ko loma ɗaya bai ci ba, 'yata."

Madu ma ya rantse, kuma ba a san shi da ƙarya ba. To amma ciki bai ƙera farin abu da kansa. Meram ta kwana biyu a duniya, ta san in abu ya faru sau biyu, akwai mai hannu a ciki. Tsoro ya kama ta, ya rikiɗe ya zama fushi.

Ta fara da Ya'u, ƙanin Madu, mai zuwa daga Gashua da leda a hannu kullum. Tun ba yau ba ta lura da yadda yake kallon kwale-kwalen yayansa da gonar shinkafarsu ta bakin fadama. Sai kuma matar da ke jinyar mai gadon kusa, da filas ɗinta na kunun gyaɗa da yawan tayinta. Wace irin kirki ce wannan ga mutanen da ba ta sani ba? Hatta mai nonon bakin ƙofar asibiti sai da Meram ta titsiye ta, tunda kowace safiya suna haɗuwa. Matar ta dafa ƙwaryarta ta ce babu wani namiji daga ɗakin nan da ya taɓa sayen nononta.

Ranar da aka sake sa wa aikin, Meram ta jawo tabarma ta tare bakin gado. Mai kunun gyaɗa ta yi sallama, ta samu amsa a daƙile, ta ja filas ɗinta ta koma gefe. Ya'u ya iso da hantsi, Meram ta ƙwace ledar ta zazzage a ƙasa. Sabulu ne da sabon zanen gado.

"Yaya Meram, ɗan'uwana ne fa, ciki ɗaya."

"Shi ya sa. Tsaya daga nan ka gaishe shi."

Ya'u ya tsaya daga bakin ƙofa ya yi wa yayansa addu'a, idonsa ya kawo ruwa. Meram ba ta ji tausayinsa ba ko kaɗan.

Da masu turawa suka zo, Sista Sadiya ta sake jero tambayoyinta. Meram ta amsa da ƙarfin gwiwa, don yau ko ƙuda bai sauka kusa da bakin mijinta ba. Ta bi gadon har ƙarshen baranda, tana kallon maƙogwaron Madu. Suka wuce wurin da ya yi amai rannan. Shiru. Ƙofar tiyata ta buɗe, ta rufe a bayansa.

Daɗi ya lulluɓe Meram. Ta harari Ya'u, ta ɗauki 'yar ƙwaryarta daga ƙarƙashin gado, ta nufi famfo tana hamdala. Yau dai ta yi maganin masu mugun nufi.

Tana ɗauraye ƙwaryar tana sa wa Goni Laminu albarka, malaminsu na Gashua. Abinci kam bai shiga cikin Madu ba, sai rubutun da Goni ya ce a dama masa da kindirmo cikin ƙwarya ya shanye kafin a shiga da shi, kuma yau har kanumfari ta sa masa a baki don kada ya sake amayar da shi.