Hoto da Malam Shiomi

Ubaidullah ya cire takalmi a bakin ƙofa, ya zube gaban tsohon kamar ya ga surukinsa.

Shekara huɗu ke nan yana digirin digirgir a kan mutum ɗaya: Shiomi, gwanin Japan mai sassaƙa zane a jikin katako, ya shafa launi, ya danna a takarda. Kowane launi da katakonsa. Shiomi sunan aiki ne kawai, ba a taɓa ganin hotonsa ba. Da ya bar Japan ya koma Kuala Lumpur da zama, garin da Ubaidullah ke karatu, matasan garin suka yi ta kwaikwayon shuɗin ruwan samansa, har yau ba wanda ya kamo shi.

Malamar da ke duba aikin Ubaidullah ta gama magana: ko ya kawo hira da Shiomi kafin Juma'a, ko a ɗage jarrabawarsa shekara guda. Bizarsa kuwa saura wata biyu. Da kyar wani mai sayar da takarda a unguwar Chow Kit ya ba shi adireshi a unguwar Titiwangsa.

Ya tafi da matarsa Rumaisa, da hula zanna bukar ta kyauta. Tsohon ya sa hular, ya yi ta murna. Kowace tambaya, sai ya waiga kicin kafin ya amsa. Ubaidullah ya ce a ransa, manya ke nan, ba sa gaggawa.

Wata tsohuwa ta kawo shayi, faratanta duk sun rine. Ubaidullah bai ɗaga ido ba. Ai ba a ƙare wa matar mutane kallo. Ya ci gaba da zuba ilimi, wai zanen Shiomi na kasuwar kifi katako tara ya ci.

"Sha ɗaya," in ji tsohuwar da Turanci.

"Mama, shekara huɗu nake kan wannan," ya ce yana murmushi. Ya juya ga Rumaisa da Hausa: "Ko a Japan ma sai sun tsoma baki. Ja ta kicin, please, ku yi hirarku ta mata."

Awa biyu ya yi da tsohon, ya cika littafi da "haka ne" da "wataƙila". Da za su tafi ya miƙa wa tsohuwar waya ta ɗauke su hoto. Ta ce, "Boleh," wato "to" da yaren garin, ta gyara musu tsayuwa, ta matsar da su wajen haske. Hoton ya yi kyau ƙwarai. Nan take ya tura wa malamarsa.

A jirgin ƙasa Rumaisa ta kau da kai tana kallon taga har tasha biyu.

"Ke kuma lafiya? Girki kuka yi ta yi?"

"Wane girki, Abban Khaulah? Ba tukunya ko ɗaya a ɗakin, katako ne har rufi. Wanda ka sa wa hula mijinta ne, likitan haƙori mai ritaya. Shiomi ita ce ta ɗauke ku hoto."