Ɗan Kutse a Gonar Kaji

"Ku biyun nan, ku natsu ku ji ni," in ji Mama. Ta jingina waya da kwalin 'yan tsaki don Auta ya ji ta daga can inda yake.

Yaya Babba ta zauna tana cika tana batsewa. Ita ta gina wa gonar Mama shafin intanet na karɓar oda da harshen kwamfuta na PHP tun tana makaranta. Auta ya gama nasa karatun ya dawo yana cewa PHP ya tsufa, sabuwar fasahar Node ce mai gaba, can duk masu hankali suka nufa. Ita kuwa ta ce tun Auta yana rarrafe ake wa PHP jana'iza, ga shi har yau yana ɗauke da shafuka birjik, Node ɗin nasa ma ya fara samun ƙannen da ke harin kujerarsa. Da gardama ta yi zafi, Auta ya ce ya cire hannunsa, ya koma garin da yake aiki.

Ba a jima ba shafi ya fara mutuwa. Yaya ta shiga sabar, wato kwamfutar da ke ɗauke da shafin, ta tarar an kashe nata, wata baƙuwar manhaja ta zauna a wurinsa. Ko buɗe ta ba ta tsaya yi ba. Ta goge, ta tayar da nata, ta canza kalmar sirri, ta faɗa wa Mama kaɗai tunda ita ce mai gona. Kwana kaɗan ɗan kutsen ya dawo. Ta sake canzawa, ya sake dawowa. Ba ya satar komai, abin da ya fi ƙona mata rai ke nan. Odar da aka yi a tsakani ce kawai ke ɓacewa.

Tsaki kuwa ba su san jira ba. Masu saye na kira suna rantsuwa sun yi oda, babu sunansu. Wasu suka koma wata gonar, tsakin da suka yi kwantai na ta mutuwa a cunkoso.

"Ba ruwana da wanda zai yi gaba cikin kayan nan naku," in ji Mama. "Tsakina yau suke mutuwa. Ku zaɓi ɗaya kafin a kashe wayar nan."

Yaya ta ce a fara kama ɓarawon tukuna.

"Ai ƙaninki ma ɓarawo yake nema," in ji Mama, "wai wani mara mutunci na goge masa sabon shafin da yake so ya ba ki mamaki da shi. Shi ya sa duk sanda kika canza kalmar sirrin nan nake kiransa in ba shi."