Injin da Zai Sauko da Auta

Fensir ya sake karyewa a hannun Injiniya. Ya yi tsaki, ya jefar da shi, ya jawo wani. Tun da gari ya waye yake kai da komo tsakanin allon zane da ƙofa, ya zauna ya tashi kamar kujerar na da ƙaya. Damina ta ƙarato, injin yankan ciyawar da ya yi alkawari kuwa har yanzu a takarda yake.

Ba don kamfani yake shan wannan wahala ba. Ƙaninsa Auta na cikin leburorin da ke yanke ciyawar gangaren madatsar ruwa da lauje, igiya ɗaure a kugu, can ƙasa kuma ba komai sai duwatsu. Gangaren nan ko akuya sai ta yi shawara kafin ta hau. Da zarar ruwa ya sauka, ciyawa ta yi santsi, igiya ta jiƙe, to sai abin da Allah ya yi. An riga an ɗauko wani abokin aikin Auta a kan ƙyaure, bai sake takawa ba. A ranar ne Injiniya ya durƙusa gaban mahaifiyarsu ya ce kafin ruwan farko zai sauko mata da ɗanta. Tun daga nan tsoro ya hana shi sukuni.

Maganar kifewa ya gama da ita. Ya faɗaɗa ƙafafun injin, ya sauke nauyinsa ƙasa, ya cire kujerar direba gaba ɗaya, za a riƙa sarrafa shi daga sama ta waya. Baƙin mai ne ya tsaya masa a wuya. Da injin ya karkata sai man ya taru gefe guda, ɗaya gefen ya bushe, inji ya buga. Ya zana ya goge har takarda ta fara hujewa.

Ga kuma wani inji can a waje da ya hana shi sakat. Gurnani yake yi, ya yi nisa ya dawo, ya yi nisa ya dawo. Injiniya ya ɗaga murya ya ce a kashe wannan tsinannen abu mutum na aiki, ba wanda ya amsa. Ya harari labulen da ke rufe da taga, ya ce ma'aikatan yanzu ba su da ta ido.

Matar ofis ta shigo da shayi. Sunanta ba ya zama a kansa, ita kuma ko a jikinta. Baba take ce masa, ko da yake ya sha gaya mata nan wurin aiki ne. Maimakon ta ajiye kofin a tebur kamar mai hankali, sai ta ɗora shi a kan allon zanen da ke karkace, daidai inda wani ya kafa ɗan guntun katako. Ta koma bakin ƙofa ta tsaya.

Ya buɗe baki zai yi faɗa, sai idonsa ya sauka a kan allon. Kofin ya karkata, amma shayin da ke ciki yana nan daidai abinsa, bai bi allon ba.

Nan take dabara ta faɗo masa. Me ya sa zai ɗaure injin a jikin ƙarfe? A rataye shi mana, kamar guga a igiya. Gangar jiki ta karkata yadda ta ga dama, shi injin yana tsaye, mai yana zaune a mazauninsa. Ya fizgo sabuwar takarda. Hannunsa ya kama gudu, yana jan layi tun kafin ya yi tunaninsa, har shi kansa ya yi mamaki.

Yana sa hannu a ƙasan zanen tsohon da kamfani ke aikowa ya yi sallama. Injiniya bai cika son sa ba. Kamfani guda a rasa wanda za a aiko sai mai furfura, tafukan hannunsa duk tsohon tabo? Amma yau ba lokacin ƙorafi. Ya jawo shi gaban allo, ya yi ta bayani yana haki. Tsohon yana gyaɗa kai a inda ya dace, wani lokaci ma kafin a kai wurin.

“Ka gaya musu su fara ƙira yau, ba gobe ba,” in ji Injiniya. “Ƙanena yana kan gangaren nan.”

“Za a sauko da shi, in Allah ya yarda.”

“Ka san shi ne?”

“Na san shi. Ya ce a gaishe ka.”

Sai a lokacin Injiniya ya zauna zama na gaske. Ya kurɓi shayin da ya huce, ya jingina, idanunsa suka fara lumshewa.

Tsohon ya naɗe zanen, ya ja ƙofar ɗakin a hankali. A baranda ya tsaya yana kallon gangaren, inda wani inji mai koɗaɗɗen fenti ke hawa da sauka, cikinsa yana lilo kamar guga. Matar, wato 'yar Injiniya, ta biyo shi da kofi a hannu, ta tambaye shi ko yau ma Baba bai gane shi ba.

“Bai gane ni ba,” in ji Baffa Auta, yana share ido da bayan hannu. “Tun kafin a haife ki ya sauko da ni, amma kullum da safe sai ya sake.”