Muryar Mai Unguwa Tanimu

Tun da majalisar ƙaramar hukuma ta soke muƙamin mai unguwa, wani akwatin ƙarfe aka maƙala a jikin falwaya, shi ke sauraron koke. Duk wanda aka kafa sai mutane sun farfasa shi da duwatsu. Kansiloli suka yi ta gardama, a ƙarshe suka sa masa muryar marigayi Mai Unguwa Tanimu. Tun daga nan ba wanda ya ƙara jifan sa.

Da hantsi Laure 'yar marigayin ta zo riƙe da jarka ba ko ɗigon ruwa. Ta cire takalmi, ta durƙusa a ƙasa.

"Baba, ina kwana?"

"Lafiya lau, Laure. Ya yaran?"

"Ƙaramin gudawa yake yi. An rufe mana famfo, Baba, ruwan kududdufi muke tacewa."

"Majalisa ta zauna, 'yata. An cire unguwarku daga layin ruwa. Ku yi haƙuri ku tashi."

"Mu tashi zuwa ina? Kai fa ka tara mutane aka jawo famfon nan!"

Wani dattijo a bayanta ya yi gyaran murya. "Haba Laure, mahaifinki kike ɗaga wa murya?"

Ta sunkuyar da kai. "Ka yafe mini, Baba."

"Na yafe miki. Allah ya yi miki albarka," in ji akwatin, har da ɗan tarin nan da ya yi ajalin mahaifinta. "Na gaba ya matso."